Lafiya Lau Ɗin Da Ta Kusa Mayar Da Ni Gidan Yari

Kafin sunana ya shiga bakin alƙali, ni mai karanta labarai ne a wani ƙaramin gidan rediyo a gida. Ban taɓa ɗanɗana giya ba, kuma idan na ga mashayi a kwata nakan tsallaka titi. Na zo New York da matata da 'yarmu, na sami aiki a wani sito a unguwar Jamaica, kusa da filin jirgi, inda ake shirya abinci da abin sha na fasinjoji. Ku matasa da ke tasowa a garin nan nake wa wannan bayani.

Da ƙananan kwalabe na fara, irin waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba. Ta farko ma ba ni na sha ba, wani abokin aiki da ke rage mini hanya na ɗaukar wa. Wata rana ina jiran bas cikin sanyi na buɗe ɗaya, na ce magani ne. Daga aljihu aka koma jaka, daga jaka aka koma kwali. Sannan na juya kan mutanenmu. Da yake ana ce mini na filin jirgi, sukan ba ni saƙo in haɗa su da matafiya: waya, turare, yadi. Sai in sayar in sha. Idan mai kaya ya tambaya, in gyara murya in ce kwastan ne suka riƙe. Muryar rediyo ce, ana yarda da ita.

Kyamarar sito ba ta sauraren murya. Aka kama ni, aka yanke mini hukunci, matata ta ɗauki yarinya ta koma wurin yayanta a unguwar Park Hill. Ba zan ƙawata muku gidan yari ba. Wuri ne da babban mutum ke neman izini kafin ya yi wanka.

Da aka yi mini sakin talala, sharaɗin a fili yake. Ba giya, za a riƙa gwada ni, kuma dole in riƙa zuwa taron masu yaƙi da shaye-shaye. Idan gwaji ya nuna na sha, in koma in ƙarasa sauran wa'adina.

A ƙarƙashin wani coci ake taron, da kujerun ƙarfe da kofi mai ɗanɗanon ruwan wanki. Kowa ya tashi sai ya faɗi sunansa, ya ce shi mashayi ne. Abin ya ba ni haushi. A wurinmu ko ciwo mutum ba ya ambata da sunansa, balle abin kunya. Kawuna ma da ya ji sai ya ce ai na riga na tuba, me nake nema a gindin coci? Ban iya gaya masa cewa tuban na gaske ne, amma maƙogwaro bai ji sanarwar ba.

A can na haɗu da Baba Mumuni, dattijo ɗan zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ya daɗe da barin giya, shi ya ɗauki nauyin bibiyata. Ranar da na fara magana a taron, na tsara jawabi a kan illar barasa ga al'umma. Da muka fito sai ya ce da ni, “Malam Rediyo, labaran duniya mun ji. Yaushe za ka karanta namu na gida?”

Gaskiya mutumin nan ya ishe ni. Hausarsa kaɗai takan tayar mini da ciwon kai, don mace ma “ya zo” yake ce mata, kuma idan na gyara masa sai ya ce ai ta zo ɗin dai, me ya rage? Kullum da safe sai ya buga waya. Ya sa na canza hanyar zuwa aiki saboda wani shagon giya da ke bakin tasha. Ya hana ni sayen madara a kantin unguwarmu, wai firjinta na maƙwabtaka da na giya. Ya hana ni zama da yunwa. Ni da na karanta wa jama'a labaran majalisa, ga ni ana tambayata ko na karya kumallo.

Abin da ya fi damunsa kuwa gaisuwa ce. Ya ce duk Bahaushen da ya taɓa bibiya, da “lafiya lau” ya kuɓuce masa. Mutum na kwance a asibiti, ka tambaye shi jiki ya ce da sauƙi. Gidansa na cin wuta, ka tambaye shi gida ya ce lafiya. Sauran 'yan taron idan aka tambaye su yaya suke, sai su zazzage komai har abin ya ba ka kunya. Mu kuwa an koya mana amsar tun kafin mu fahimci tambayar. Na ce masa wannan ladabi ne, ba ƙarya ba. Ya ce ya yarda, amma ladabin ya binne masa mutane.

Wata Juma'a na je masallaci a Harlem, wajen layin 116. Bayan sallah na yi kiciɓis da wani tela ɗan Nijar, wanda na taɓa cinye wa wayar da ya aika wa mahaifiyarsa. Ya miƙo hannu, muka gaisa sosai, ya tambayi iyali, ya yi mini barka da fitowa. Sannan a hankali ya ɗauke jakarsa daga gefena ya mayar ɗaya kafaɗar. Kuma yana da gaskiya.

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni shagon giya ba. Na saya, aka sa mini a jakar takarda, na zauna a wani benci a bakin titi da rana tsaka. Ranar Litinin za a yi mini gwaji. Na san haka sarai, na kuma san cewa matata ta ce sai ta ga na gama talalar nan lafiya kafin a yi zancen dawowa. Duk da haka hannuna na kan murfin.

Sai waya ta yi ƙara. Baba Mumuni ne, wanda ba ya kira da rana. Daga baya ya ce tsohuwar da yake kula da ita ce ta yi barci, ya rasa abokin hira.

Ya ce ina wuni, na ce lafiya lau. Ina gajiya, na ce ba gajiya. Ya aiki, na ce da godiya. Ya masallaci, na ce alhamdu lillahi, har na ƙara masa da taƙaitaccen bayanin huɗuba. Ko kalma ɗaya ban yi tuntuɓe ba.

Sai ya ce, “To, mun gama gaisuwa. Yanzu tambaya nake. Kana ina, me ke hannunka?”

Na ce, “Baba, na ce maka lafiya lau.”

“Na ji. Duk ranar da Hausarka ta yi kyau haka, akwai magana. Me ke hannunka?”

Na yi niyyar kashe wayar. Haushi ya cika ni, na wannan tsoho mai naci, da na tela, da na kaina. Na buɗe baki in sake ce masa lafiya, sai na ji na ce, “Kwalba.”

“An buɗe?”

“A'a.”

“To madalla. Ka ci abinci?”

Wallahi da yana kusa da na jefe shi da ita. Ina gab da komawa gidan yari, shi zancen abinci yake. Ya ce ba zai iya barin tsohuwa ita kaɗai ba, saboda haka kada in kashe waya. Ya sa na tashi, na nemi kwandon shara, ya ce yana so ya ji ƙarar faɗuwarta. Na jefa, ya ce bai ji ba. Na rantse masa. Sannan ya sa na shiga wani gidan abincin 'yan Senegal na sayi shinkafa da kifi, ina ci yana ba ni labarin yadda tsohuwar ke ɓoye magani a cikin safa. Sai da na cinye ya tambaye ni abin da ya faru. Na gaya masa zancen jakar tela. Ya ce shi ma da shi ne telan da ya ɗauke jakarsa, kuma in bar mutane su ɗauki lokacinsu, tunda ni ma na ɗauki nawa wajen cutarsu.

Na ci gwajin Litinin. Sha'awar giya ba ta mutu ranar ba, har yau takan leƙo, musamman idan na gaji. Amma na ƙarasa wa'adin talala, jami'ar da ke sa mini ido ta sallame ni. Na roƙi gafarar Allah, na bi waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa. Matata ta dawo, ko da yake har yanzu takan matso kusa idan na shigo, kamar za ta gyara mini wuyan riga. Na san abin da take shinshina, nakan tsaya har ta gama.

Ku kuma, kada ku ɗauki ƙaramar kwalbar farko, taku ce ko ta wani. Kada ku taɓa amanar da aka ba ku don kun iya magana. Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya nemi taimako ko da a gindin coci ne, kunyar ba ta kai ta ankwa ba. Ku gaida mutane yadda iyayenku suka koya muku. Amma ku sami mutum ɗaya wanda idan an gama gaisuwa zai sake tambaya, ku kuma ku ba shi amsa ta biyu, ko da zai cika ku da haushi kamar yadda nawa ke cika ni kowace safiya.