Busar da Faifan Cleophus Bai Kama Ba

A unguwarmu ta Kansas City, idan aka ambaci Cleophus Tandy, ba gyaran rediyo ake fara tunawa ba, ko da yake da shi ya ci ya sha har furfura ta rufe masa kai. Abin da ake tunawa shi ne ranar Lahadin da ya juya faifai.

A bayan shagonsa yana da wata na'ura da ya harhaɗa da hannunsa. Idan rediyo na watsa kiɗan jaz daga wani zauren rawa, sai ya ɗora sabon faifai, ya sauke allura, ta riƙa yanka kiɗan a jikin faifan. Wani siririn baƙin zare yana fitowa daga inda ta yanka, shi kuwa yana share shi da burushi mai laushi, a sunkuye, harshe a waje. Matarsa Zenobia takan ce ko 'yarsu ta fari bai taɓa shafawa da irin wannan lallami ba. Matsalar ɗaya ce: 'yan mintoci kaɗan gefe guda yake ɗauka, sai ya cika, sai an juya.

Maƙwabciyarsu Mama Idella Quarles tana da ɗa guda, Lucius, mai busa ƙahon nan na tagulla da ake tura hannu gaba a jawo baya. Ya bi wata ƙungiyar makaɗa zuwa Chicago, ya aiko da saƙo cewa ranar Lahadi da rana, daidai lokacin coci, za a sa su a rediyo, kuma a kiɗa na biyu za a ba shi fili ya tashi ya yi busa shi kaɗai. Mama Idella ba ta barin coci don kowa, ko don ɗan da ta haifa. Ta shigo shago da burodin masara a lulluɓe.

"Ɗana Cleophus, ka kama mini yaron nan a akwatinka. Ni ban san kiɗan rawa ba, amma na san numfashinsa."

"Mama, ki ɗauka an gama," in ji Cleophus, bakinsa cike da burodi.

Faifai ɗaya gare shi a ranar. Da ya jira kiɗa na biyu, da babu wannan labari. Amma kiɗan farko ya taso da zafinsa, ganguna suna gudu, ƙafarsa ta fara buga ƙasa ba da izininsa ba, ya ce a ransa wannan ma ai asara ce a bar shi ya wuce. Ya sauke allura. Kiɗa na biyu ya shigo, ya yi nisa, mai sanarwa ya ce ga Lucius Quarles nan, daidai lokacin allura ta kai ƙarshen gefe. Cleophus ya fizge faifai, ya juya, ramin tsakiya ya ƙi shiga, zare ya nannaɗe masa yatsa. Ko da allura ta sake sauka, tafi ake yi. Lucius ya gama, ya zauna.

Da yamma Mama Idella ta zo da hular cocinta a kai, ta zauna, ta harɗe hannu. Cleophus ya shirya maganarsa tsaf, zai faɗa mata da zarar faifan ya ƙare. Sai dai can a gefe na biyu, wani mai irin ƙahon, Elwood sunansa, ya tashi ya yi wata busa mai sanyi, kamar ana zuba zuma daga cokali. Tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Shi ne! Ko a cikin dubu na san shi. Ko ba shi ba ne, ɗana?"

Cleophus bai ce i ba. Wannan ya riƙa maimaita wa Zenobia tsawon shekaru, cewa bakinsa bai furta komai ba.

"Bakinka bai furta ba, amma kanka ya gyaɗa kamar na ƙadangare," takan ce. "Ina tsaye a ƙofa."

Daga nan faifan ya koma falon Mama Idella. Duk baƙon da ya shigo, ko mai kawo gawayi ne, sai ya ji Lucius kafin a ba shi ruwa. Cleophus ya daina bi ta ƙofar gidan, sai ya zaga ta bayan shagon aski. Rediyonta kuwa yana gyara ta tun kafin ta lalace. Kowace Asabar burodin masara yana zuwa shago, shi kuma yana masa wuyar haɗiya, amma dai yana haɗiyewa.

Da yaƙi ya zo, ƙungiyar ta watse. Lucius ya dawo gida, ya kama aiki a mayanka, ya tura ƙahon ƙarƙashin gado. Ranar da ya iso uwar ta kunna masa faifan, tana kallon fuskarsa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Lallai, Mama." Washegari ya faɗo shago.

"Yaya Cleophus, yaushe na koma Elwood?"

Cleophus ya ajiye abin da ke hannunsa, ya faɗi komai, har da zaren da ya nannaɗe yatsa.

"To, tawa busar yaya ta kasance? Ni a ruɗe nake, ban ji kaina ba."

"Ni ma ban ji ba, Lucius. Ina fama da rami."

Lucius ya yi dariya, irin wadda ba ta kai zuci ba. Sannan ya ce da sauran magana. Uwar za ta cika saba'in, ta shawo kan fasto ya yarda a yi busa a harabar coci, kuma ta shaida wa kowa ɗanta zai yi musu ta cikin faifai, sak.

Babu wanda ya kawo shawarar a faɗa mata. Suka aro faifan da sunan za a goge masa ƙura. Kullum Lucius ya tashi daga aiki, sai bayan shago. Cleophus ya sauke allura a kan busar Elwood, ya ɗaga, Lucius ya kwaikwaya, ya kuskure, a sake. Leɓensa ya yi laushi da rashin busa, har ya fashe. Irin wannan faifai kuwa ba ya jure allura, kowane juyi cinye shi yake. Kafin Lucius ya haddace, wurin ya koma kamar ana soya kifi, Elwood yana can baya da ƙyar ake jin sa.

Cleophus ya mayar da faifan. Mama Idella ta saurara, ta girgiza kai.

"Laifina ne, ɗana. Wurin Lucius na fi saurara, ni na cinye shi."

Zenobia ta ce ranar Cleophus bai taɓa abincinsa ba, ga shi har da gasasshen haƙarƙari.

A ranar bikin Lucius ya miƙe a gaban mutanen coci, ya rufe ido, ya zubo busar Elwood daga farko har ƙarshe. Tsohuwa ta bi shi da leɓe, don ta fi shi haddace ta. Da ya sauke ƙahon ta share hawaye da bakin safar hannunta, ta ce ko ɗigo bai zubar ba. Daga ranar, a bikin aure ko na suna, ba a taɓa roƙon Lucius wata busa ba sai wannan. Tasa ta kansa, wadda ya yi a Chicago, babu mai ita, har shi.

Sai bayan rasuwar Mama Idella maganar ta fita, kuma kowa ya san ta bakin Zenobia ta fita. 'Yan shagon aski suka samu abin yi. Cleophus na shigowa, sanda a hannu, sai wani ya ɗauki murfin tukunyar kofi ya juya shi a iska.

"Baba Cleophus, a juya ko a jira?"

Yakan yi murmushi ya zauna. Wata rana mai askin ya matsa masa.

"Tsakani da Allah, Baba, busar Lucius ta gaskiya, da daɗi kuwa?"

"Ta fi ta Elwood nesa ba kusa ba."

"Kai da ka ce ba ka ji ba!"

Cleophus ya daɗe yana kallon yatsan da zare ya taɓa nannaɗewa.

"Ban ji ba," ya ce. "Amma tunda ni na ɓatar da ita, ku bar ni in yabe ta."