Tayin Sarauniya

Shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, ni ma ina da nawa yaƙin a Ƙofar Guga, kuma kullum ni ake kayarwa.

Maƙwabcina ne ya jawo mini. Mutumin Filato ne, Kirista, mai awon hanya a ma'aikatar ayyuka, yana haya shi da iyalinsa a gidan da ke jikin namu. Ni kuwa ina koyarwa a firamare. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Oga nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, in tsokana ta motsa masa ya ce Bakatsine. Kullum bayan la'asar sai ya fito da benci gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gidansa, ya ɗora allon darar Turawa, wadda suke ce wa ces, ya zauna yana jiran wanda tsautsayi zai kawo. Ni tsautsayin ya kawo.

Ni fa gwanin dara ne, tamu ta gida, ta ramuka a ƙasa. A unguwarmu ba wanda ke zama da ni ya tashi yana dariya. Da na ga ta Oga sai na ce a raina, wannan ai kwana biyu ta ishe ni. Ya nuna mini 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya: ga sarki, ga sarauniya, ga doki, ga hasumiya, ga ƙananan sojoji a sahun gaba. Akwai wani mai doguwar hula da ya ce bishop ne, na ce a Katsina dai liman ne. Ya ce ya yarda, muddin limamina zai riƙa gaisawa da nasa. Hausarsa ta Jos kuwa ba ruwanta da mace ko namiji. "Sarauniya ya fi kowa ƙarfi," in ji shi. Na gyara masa har na gaji na bari.

Tafiyar 'ya'yan ba ta ba ni wuya ba. Abin da ya kashe ni kalma ɗaya ce, wato ci. A dararmu, in ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka, ka yi ta ci har nasa su ƙare, shi ke nan ka ci wasa. Cin ɗa da cin wasa duk ci ne a bakinmu, kuma a kaina ma abu ɗaya ne. Ita kuwa wannan, sarki ake nema a ritsa. Ko ka cinye rabin allo, in aka ritsa sarkinka ka tashi a banza.

Oga bai daɗe ba ya gano lagona. Sai ya turo doki gabana, ba mai gadinsa, ya buɗe tafin hannu kamar mai tayin tuwo, ya ce, "Malam, bismillah." A wurinmu ya koyi kalmar, kuma da ita ya yi ta yanka ni. Kafin ya rufe baki na cafke. Ya sake turo liman, bismillah, na cafke. Ina cikin murna, 'ya'yansa sun taru a gefena kamar tiren mai gyaɗa, sai in ɗaga kai in ga sarkina a lungu ba ƙofar fita. Wallahi abin yana ƙona mini rai. Akwai ranar da na tashi ko sallama ban yi masa ba, ya bi ni da dariya har zaure.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, ya gaya mini sabuwar gwamnatin jiharsu ta kira shi gida, zai tattara ya koma kafin Kirsimeti. Na yi masa murna a baki. A zuci kuwa abin da ya fara zo mini shi ne, mutumin nan zai bar Katsina ban taɓa cin sa ba ko sau ɗaya.

Na ajiye girman kai na tambaye shi, "Oga, don Allah mi nike yi ba daidai ba?"

Ya ce, "Kai da ciki kake wasa, Malam. Mu in za mu yi hanya, ba mu zuba kwalta sai mun san garin da zai je. Kai fa, ina za ka?"

Na ce cin sa za ni. Ya ce wannan ba gari ba ne, buri ne.

Na shiga gida ina ƙunƙuni, na kwashe labarin duka na gaya wa maiɗakina, har da zancen bismillar. Tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai halinka ne, Malam. Ko Babbar Kasuwa na aike ka sayen kuka, duk wanda ya yi maka tayi sai ka kwaso, ka dawo mini da rake da kabewa, ba kukar. To in tambaye ka, in kana wucewa ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce maka bismillah, zama kake yi ka wanke hannu?"

Ko yaron goye a garin nan ya san amsar: ka ce alhamdulillahi, ka wuce inda za ka. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ladabi, na shafe watanni ina zama ina wanke hannu.

Daga ranar na canza zama. In Oga ya yi tafiyarsa, sai in tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina in danne su, don na san halinsu. In tambayi kaina abu biyu: me mutumin nan yake so da ni, kuma ni ina za ni? Na fara zaɓar gefe guda na allo in ce nan zan tara jama'ata, kowace tafiya sai ta yi wa wannan niyya aiki, in ba ta yi ba in bar ta ko da daɗinta. Na kuma lura da sojan nan ƙarami da nake rainawa. In ya lallaɓa ya kai ƙarshen allo, sai ya zama sarauniya. Na ce wa Oga wannan ai irin na bana ne, soja ya tuɓe kaki ya sa babbar riga. Ya yi dariya har da tari.

Ban daina shan kashi ba, kada in yi ƙarya. Amma wasan da a da yake ƙarewa kafin shayi ya huce, yanzu sai ya kai mu kiran magariba, kuma Oga ya rage surutu.

Ranar tafiyarsa ta zo, wata Asabar da hantsi. An loda kaya a mota, matarsa da tawa suna ta koke-koke a cikin gida, ba abin da ya rage a waje sai benci da allo. Ya ce mu yi na ban kwana.

Na shiga da niyyata: in share gefen dama, in raka soja guda har ƙarshe. Wasa ya yi nisa, ba wanda ya fi wani. Can sai Oga ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye a bakin dokina. Ya ce, "Bismillah," a hankali, yana kallon motar kaya.

Na danne hannuwana. Na duba ta nan, na duba ta can, ina neman tarkon. Babu. Na sake dubawa, babu dai. Sai na gane kyauta ce yake ba ni, ta sallama, don kada ya tafi ya bar ni da takaici. Raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya kama ni, duk a lokaci guda.

Na ce, "Alhamdulillahi, Oga, na ƙoshi. Mai da ta inda ka ɗauko ta."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya mai da ta, ya ciro tabarau daga aljihu ya saka, ya gyara zama. Direba ya yi ta danna oda, Oga ko waiwayawa bai yi ba.

Sojana ya yi ta tafiya, har ya rage hasumiyar Oga kaɗai ke tare masa hanya. Sai na tura dokina tsakiyar jama'arsa, yana barazana ga sarki, inda ba mai iya ɗauke shi sai hasumiyar nan. Na buɗe tafin hannu na ce, "Oga, bismillah."

Ya ga abin da nake nufi sarai, amma ba shi da wata mafita. Ya ci dokin, hanya ta buɗe, soja ya shige ya sa babbar riga. Ba a jima ba sarkinsa ya rasa wurin zuwa.

Ya cire tabarau ya ce, "Bakatsine, yau ka ƙi ci, ka ci."

Na ɗauka ranar da na ci shi zan yi tsalle har a ji ni a Ƙofar Durbi. Sai ga ni zaune ina kallon yadda ake ɗaure igiyar kaya. Ya tattara 'ya'yan a jakarsu, ya haɗa da allon ya miƙo mini. Sannan ya sa hannu ya zaro sojan nan guda, ya jefa a aljihun rigarsa.

"In kana son sojanka, ka san hanyar Jos," in ji shi.

Na je kuwa, da hutun makaranta na gaba. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, matarsa ta cika ni da gwate, shi kuma ya lallasa ni a allo ba tausayi. Da zan taho na ce a ba ni sojana. Ya ce ai bana ban ci ba, sai dai in sake dawowa. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, ko na ci ko ban ci ba sai ya samo dalili, har shekarar da na je jana'izarsa. Allon yana nan wurina, kuma har yau murfin kwalba nake sawa a gurbin sojan.