Bakin Faifan Inna

Hamdiyya 'yar Malbaza ce, kuma tun tana lakwal, wato makarantar boko, an san hannunta ba ya zama. Kowane littafi anka ba ta sai ta cika gefenshi da zane, malamai sun yi duka har sunka gaji. Ta yi ƙunshin amare, daga baya ta koyi kwamfuta, ta kama ɗan shago kusa da tashar Konni. Aikinta ke nan yanzu: in kana da shafi a intanet, ita ke zana mishi adon da ke kewaye shi.

Ni Zalika, busasshiyar albasa da yaji nake saidawa. Da anka buɗe mini shafi, na tafi wurinta na ce furanni nake so da ruwan zinari, irin na kowa.

"Yaya, ba ni yi wa mutum zane sai na ga gidansu," in ji ta.

Kai, jama'a! Shafi ne ko neman aure? Na yi mita har bakina ya bushe, ita ko sai dariya. Dole na kai ta Illela, wurin mahaifiyarmu, Inna Gimbiya.

Hamdiyya ba ta kalli gado ba, ba ta kalli kwanonin jere ba. Faifan da Inna ta rufe fura da shi ta ɗauka. A wajenmu kowace mace da irin bakin faifanta, don in an kai abincin suna ko biki a san gidan da za a maida shi. Na Inna ja da baƙi ne, sai kore siriri a ƙarshe. Da Hamdiyya ta tambayi ko akwai wasu, Inna ta ce duk suna nan, ban da guda. Ranar da ƙanena Sallau ya yi fushi da babanmu ya kama hanyar Abijan, Inna ta bi shi tasha da kwanon dambu rufe da faifai. Tun ran nan ba mu ƙara jin muryarshi ba. Baba ya rasu, Inna ta tsufa tana sauraren ƙofa.

Hamdiyya ta ɗauki hoton faifan da wayarta. Ta koma ta zana bakin faifan nan zagaye da shafina, har da wurin da kabar ta ɗan karkace. Na ce ta gyara, ta ƙi, wai haka hannun Inna yake. Wallahi ya yi kyau, amma ban faɗa mata ba, don kanta ya riga ya yi girma.

Masu sayen albasa sunka yi ta tura shafin hannu zuwa hannu. Bayan damina sai ga saƙo daga wata lamba da ban sani ba. Hoton wani tsohon faifai ne, ya koɗe, amma koren na nan. A ƙasa an rubuta: "Yaya, Inna na da rai?"

Na yi kuka a tsakiyar kasuwa, ban ji kunyar kowa ba. Na ɗauki Hamdiyya munka tafi Illela, ita ta riƙe wa Inna wayar. Inna ta daɗe tana shafa hoton da yatsa. Hamdiyya ta ce, "Inna, mi za a ce mishi?"

"Ku ce mishi ya maido mini faifaina. Kuma ba ni karɓa daga hannun ɗan aike."