Ɗanliti Mai Shiga Rumbu

Duk wanda ya san ƙauyenmu na bayan Bagwai ya san Ɗanliti. Ɗan firit ne, Allah bai ba shi jiki ba. Ƙofar rumbu ta sama, wadda ƙato ba ya iya ratsawa, shi sai ya sulale ciki kamar gafiya. Shekara ashirin da ɗoriya shi ke fito wa mutane da hatsi. Yana ciki yana waƙa, ana waje ana karɓar dami. Aminina ne tun muna yara.

Shekarar da ruwa ya yi yawa, rumbun Alhaji Zubair ya yi yoyo, masarar ciki ta yi funfuna. Da Ɗanliti ya motsa ta, koriyar ƙura ta turnuƙe kamar hayaƙi. Ya leƙo yana atishawa, gemunsa kore shar.

"Kai Ɗanliti, tsiro ka fara?" in ji Basiru mai shayi. Aka fashe da dariya, har da shi.

Daga nan tari ya kama shi. Gari ya yanke hukunci: tibi ne, tarin fuka. Basiru ya ware masa kofi mai tsaga, ya rataye a ƙusa can gefe. A masallaci sahu ya riƙa tsinkewa daidai kafaɗarsa. Likita ya auna shi ya ce ba tibi ba ne, ƙwayoyin funfuna ne masu yawo a iska suka zauna masa a huhu. Ba ya shafar kowa, amma kada ya ƙara shiga rumbu. Ɗanliti ya yi ta nuna takardar a majalisa. Ba wanda ya miƙa hannu ya karɓa.

Da damina ta zagayo, rumbun ya sake yoyo. Alhaji Zubair ya sa aka kira Ɗanliti ya shiga, shi kuma ya tsaya daga nesa, ya rufe hanci da hannun riga.

"Ɗanliti ɗan albarka, ai kai abin ya riga ya same ka. Me ya rage?"

Wata takwas rabon da wani ya sa masa albarka. Matarsa Hure ta riƙe masa riga.

"Malam, don Allah kar ka hau."

Ya zare hannunta a hankali, ya hau tsani yana murmushi. Ya fara waƙarsa a ciki, bai kai ƙarshenta ba. Da igiya muka jawo shi. Kwana tara ya ƙara a duniya.

A zaman makoki Alhaji Zubair ya shafa addu'a, ya dubi jama'a.

"Allah ya jiƙansa. To yanzu sauran masarar, wa zai fito mana da ita?"

Na tashi na je wurin Basiru, na sauke kofin nan daga ƙusa. Da shi nake shan shayi har yau.