Murdo Geddes da Rufin Balcorrie

Murdo Geddes a saman rufi ya yi rabin rayuwarsa. Ubansa mai gyaran rufi ne, kakansa ma haka, kuma duk gida ɗaya suka yi wa aiki, wato babban gidan Balcorrie na iyalin Ogilvie. Asalin gidan wata tsohuwar hasumiya ce mai kaurin bango da ƙananan tagogi. Daga baya duk magajin da ya zo sai ya ƙara nasa, wannan ya gina falo mai dogayen tagogi, wancan ya liƙa 'yan hasumiyoyi masu tsini a kusurwa. Shi ya sa rufin ya zama tudu da kwari, lungu a bayan lungu. An jera shi da fale-falen baƙin dutse, kowanne da ƙusarsa, an bi mahaɗarsu da dalma. Ruwan sama kuwa a ƙasar ba ya gajiya, don haka Murdo bai taɓa rasa abin yi ba.

Can gangare, bayan bishiyoyi, gine-ginen gona suke, an kewaye fili da su ta kowane gefe: bargar dawaki, ɗakin shanu, rumbun hatsi, rumfar amalanke. Ƙofar shiga mai faɗi ce, an lanƙwasa ta kamar baka, a samanta akwai ɗakuna biyu da agogo da ɗakin tantabaru. Kusa da barga Murdo yake zaune da matarsa Ishbel.

Ita Ishbel ba ta ƙaunar babban gidan. Tun tana yarinya ta yi aikin wanke-wanke a madafarsa, kuma ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa take shiga, mai duhu da danshi, wadda aka haƙa don kada masu gida su hango barori suna ratsa lambu. Duk sanda Murdo ya soma yabon ginin sai ta taɓe baki.

"Kai daga sama kake ganinsa, kamar hankaka," in ji ta. "Mu da muka bi ramin ɓera mu ne muka san shi."

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka lalace. Ɗan gidan tilo bai dawo daga yaƙi ba, maigidan ma ya rasu ba da daɗewa ba, aka bar Uwargida Ogilvie ita kaɗai da haraji mai nauyi. A lokacin, gidan da ba shi da rufi ba a biya masa haraji. Wata safiya ta aika a kira Murdo. Ya same ta a falo sanye da rigar sanyi biyu, bokitai a jere suna tarar ɗigo.

"Geddes, so nake ka sauke rufin."

"Wane ɓangaren, ranki ya daɗe?"

"Duka."

Ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce in aka ba shi bazara ɗaya zai tsayar da yoyon. Ta girgiza kai, ta ce ba yoyon ne ya dame ta ba. In shi bai yi ba, wasu mutane za ta kira daga birnin Dundee, su kuwa da guduma za su zo.

Da ya koma gida ya gaya wa Ishbel, sai ta ce, "To madalla. Ka fara ta kan madafa." Ya ture kwanon romon da ta ajiye masa ya fita.

Kaka guda ya yi yana aikin. Ɗaya bayan ɗaya yake zare duwatsun yana sauke su da igiya, bai yarda ko ɗaya ya fashe ba, ko da yake motar ɗan kasuwa ce take kwashe su. Da ya kai hasumiya sai ya tarar da layukan da ubansa ya jera, ya gane su ta yadda aka sassaƙe gefensu. Ya zauna a kan katako har ruwa ya jiƙa shi, sannan ya ci gaba. A mashaya mutanen ƙauye suka sa masa ido. Tam mai kiwon shanu ya ɗaga kofinsa ya ce, "Ga mai aski ya iso! Kowa ya riƙe hularsa." Aka yi dariya. Murdo ya daina zuwa.

Uwargida kuwa sai ta dawo ɗakunan nan biyu na saman ƙofar gona, ta zama maƙwabciyarsu. Ba ta iya ko hura wuta ba. Ishbel ta yi sati tana kallon bututun hayaƙinta babu hayaƙi, tana cewa ba ruwanta. Rannan ta ɗauki tukunyar romon sha'ir ta hau matakala tana mita. Daga nan kullum sai ta hau.

Shekaru suka shige. Ruwa ya ci silin ɗakunan babban gidan, benaye suka rufta, ciyawa ta fito a bakin murhu. Hankalin Uwargida ma ya soma tafiya. Takan leƙo ta taga ta kira shi.

"Geddes! Falo yana yoyo. Yaushe za ka hau?"

"Gobe, ranki ya daɗe."

Kullum haka yake amsa mata. Ishbel ta ce masa, "Ka gaya mata gaskiya mana." Ya ce, "Ke ki gaya mata." Ita ma ba ta iya ba.

Wani yammaci na hunturu Ishbel ta kai abinci ta tarar da ɗaki wayam. Murdo ya san inda zai duba. Ya same ta a tsakiyar kangon falo, ruwa yana zuba a kanta, tana jan wani tsohon bokiti tana neman inda za ta ajiye shi. Da ta gan shi sai ta ce, "Ka yi sakaci, Geddes. Ubanka ba zai bari haka ba." Ya lulluɓe ta da rigarsa ya goya ta har gida. Sanyi ya kama mata ƙirji, kafin ƙarshen watan ta rasu, Ishbel na riƙe da hannunta.

Ɗan ƙanin Uwargida da ya gaji wurin ya sayar da gonar, sabon mai ita kuma ba ya bukatar mai gyaran rufi. Murdo da Ishbel suka koma Dundee wajen 'yarsu, ya sami aikin shara a wata masaƙa. An sha yi masa tayin gyaran rufi a unguwa, yana cewa ƙafarsa ba ta yarda da tsani yanzu. Ƙafar kuwa lafiyarta ƙalau, Ishbel ta sani, amma ba ta taɓa tona shi a gaban kowa ba. A masaƙar ya ƙarasa shekarun aikinsa, ya rasu a Dundee, aka binne shi can.