Lauyan da Na Haifa da Bakina

A shekarun da nake ba da labari, ni mai koko da ƙosai ce a bakin babbar kwatar unguwar Nima, a birnin Accra. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. Mijina ɗan dako ne a kasuwar albasa ta Agbogbloshie, ya rasu ya bar ni da yara. Bayan arba'in mai gidan da muke haya ya kai ni kotu kan ɗakinmu. Wani mutum mai baƙar riga ya yi ta Turanci a kaina, ina tsaye kamar akuya a kasuwa, aka fitar da kayanmu. Ran nan na rantse sai ɗana ya sa irin rigar.

Shi ne ɗan farina, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Sai na laƙaba masa Lauya, unguwa duk ta ɗauka. Amma yaron hannu Allah ya ba shi. Fanka, rediyo, dutsen guga, duk abin da ya mutu a layinmu wurinsa ake kaiwa. Da ya gama sakandare ya samu gurbi biyu, jami'a da makarantar koyon sana'a, inda ake koyar da gyaran firji da wutar lantarki. Bai iya tunkarata ba, sai ya aiko gwaggonsa. Ta ce mini yaron ya yi nazari, sana'ar ba ta da daɗewa, yana fitowa zai raba ni da hayaƙin murhu, ita kuwa jami'a doguwar hanya ce, ba a san abin da ke ƙarshenta ba. Na ce ta koma ta gaya masa ban haifi mai baƙin farce ba, in ya taka makarantar nan ban yafe nonona ba. Wannan kalma ba ta da magani. Ya tafi jami'a.

Fannin lauya ma bai samu ba, wani karatu aka ba shi wanda har yau ban iya faɗinsa ba. Ban tambaya ba, Lauya dai nake cewa. Lokacin yunwa ne, ana yawan rufe jami'ar, ya dawo ya zauna ya koma. Ƙannensa mata na cire su daga makaranta suna yi mini talla don shi ya gama. Ya gama, ya yi bautar ƙasa a wani ƙauye, ya dawo da takarda. Takalminsa ya cinye a ofisoshin Accra. Ko'ina sai a ce ya dawo gobe.

Da ya gaji, sai ya je wurin wani mai gyaran firji a unguwar Maamobi ya roƙi a karɓe shi. Ƙa'idar masu sana'a ce sabon ɗan koyo shi ke shara da ɗebo ruwa, komai shekarunsa. Ya yarda. Samarin majalisa suka samu abin yi, in ya wuce da bokiti sai su miƙe su ce Allah ya ja zamanin Lauya, yau wace shari'a za a yi wa tsintsiya. Shi bai kula ba, har ƙiba ya fara. Ni ce na kasa. Wata mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, ta tambaye ni a gidan suna ko kotun ɗana a bayan firji take zama. Washegari na je shagon, na zagi maigidan a gaban jama'a, na ce ɗana ba bawansa ba ne. Mutumin ya ce Hajiya kwashi lauyanki, shagona ya yi masa kaɗan. Yaron ya ajiye tsintsiya, bai dube ni ba.

Bai yi wata a gida ba ya bi samarin da ke ratsa hamada zuwa Libiya. Gwaggonsa ya yi wa sallama, ni bai yi mini ba. Bayan damina ɗaya daga cikinsu ya dawo, ya ce motarsu ta lalace bayan Agadas, ɗana ne ya kwana biyu a ƙarƙashinta har ta tashi, amma ƙishirwa ta riga ta gama da shi. A yashi suka rufe shi.

Ranar addu'a malam ya ce ba a roƙa wa mamaci gafara da laƙabi, a faɗi sunansa na yanka. Na faɗa. Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakina.

Ban ce jami'a ba ta da amfani ba, na ga waɗanda ta ɗaga. Amma ni ba karatu na zaɓa masa ba, fansar wulaƙancina na ɗora masa. Iyaye, kafin ku zaɓa wa yaro makaranta ku dubi hannunsa, ku zaunar da shi ku ji ta bakinsa, ko da ɗan fari ne. Kunyar da ta hana ni magana da nawa ba ta hana ni rasa shi ba. Ni ko kabarin da zan ziyarta ban da shi.