Gangar da Malam Habu Ya Bari a Akwati

Ranar Talata da safe na shawo kwanar layinmu a Gaya da makullin shago a hannu, sai na hango makarar masallaci a jingine da katangar gidan Malam Habu. Na tsaya cak. Na ce a raina ko maƙwabta ne suka rasa wurin ajiyewa. Sai Ali tela ya taso daga kan tabarma, ya dafa kafaɗata ya ce, "Nura, sai haƙuri. Maigidanka ya yi sallar asuba, ya koma ya kishingiɗa, bai tashi ba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har aka dawo daga maƙabarta makullin nan yana cikin tafina, ban sani ba.

Malam Habu mai gyaran rediyo ne, a hannunsa na koyi sana'a. Ban wuce firamare ba, mahaifiyata ta kawo ni wurinsa, shi kuma bai taɓa tambayata ajin da na tsaya ba. Abin da ya fara koya mini shi ne zama shiru. Yakan ce, "Ka fara sauraro kafin ka ɗauki sukundireba. Rediyon zai faɗa maka inda yake ciwo." Na sha ganin tsohuwa ta kawo rediyon da batir kawai aka sa masa a juye. Maimakon ya faɗa mata a gaban mutane, sai ya buɗe bayan rediyon, ya hura, ya goge, ya juya batirin a ɓoye, ya miƙa mata ya ce, "Iya, ƙura ce ta dame shi." Ba ya son kowa ya fita daga shagonsa da kunya.

A ƙuryar ɗakinsa na zaure akwai wani akwatin kiɗa da ya girme ni. Ya saye shi ne a Sabon Gari tun yana saurayi, daga wasu makaɗa da suka watse. Babu muryar da aka ɗauka aka zuba a cikinsa, wutar lantarki ce da kanta take haifar da sautin. A ƙasa akwai jerin maɓallai da ake tsara bugu da su, wannan kam akwatin yana riƙewa ko an kashe shi. A sama kuma akwai abubuwan murɗawa da Malam yake kira kunnuwa, su ne suke ba gangar murya: kaurinta, kaifinta, da daɗewar amonta kafin ya mutu. Su ba ya riƙe su. Inda ka bar kunne, nan muryar take. Ka motsa shi, ta tafi.

Samari masu waƙa da suke zuwa ya haɗa musu kiɗan biki sukan yi masa tsiya. Wani ya taɓa cewa, "Baba, wannan ai kakan kwamfuta ne." Malam ya ce, "To ka durƙusa ka gaishe shi mana, marar ladabi." Kuma ba ya fara aiki da shi da zarar ya kunna. Sai ya bar shi ya ɗumama tukuna, ya ce haka mahaifinsa yake shanya ganga a rana kafin ya ɗora mata gula.

Mahaifin nasa, Tanko, makaɗin noma ne a Gafasa. Idan an yi gayya, shi yake bin bayan manoma da ganga har su ƙare gona. Ya rasu ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a kaset ba, gangar kuma gara ta cinye. Shekara da shekaru, bayan la'asar, Malam yana zaune gaban akwatin nan yana murɗa kunnuwa kaɗan-kaɗan, yana neman muryar gangar ubansa. A daminar da ta wuce ya ƙwala mini kira, na shiga na same shi idonsa ya yi ja. Ya ce, "Zauna ka ji babana." Na ji wani bugu mai nauyi da yake shiga ƙirji, da wata 'yar zuza a bayansa kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Na ce mu ɗauka a waya. Ya ce waya tana haɗiye cikin ganga, a bari sai mun kai wa Baba Ɗanjuma ya ji, don shi kaɗai ya rage a cikin waɗanda suka yi noma da kiɗan Tanko. Ya lulluɓe akwatin da zane. Yau aiki, gobe ciwon ƙafa, ba mu je ba.

Da za a fara zaman makoki, 'yar Malam, Rabi, ta share zauren don masu gaisuwa. Ta yaye zanen, ta goge akwatin tas. A gidan mai gyaran rediyo ta tashi, tun tana ƙarama an koya mata cewa ba a barin na'ura a buɗe, a murɗa ta hagu har ƙarshe. Haka ta bi kunnuwan nan ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su hagu.

Sai bayan an share makoki na gani. Na kunna, na danna, bugun ya fito yadda Malam ya tsara shi, amma ba murya. Ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Rabi tana tsaye a bakin ƙofa, ta ga fuskata ta ce, "Nura, mene ne? Na lalata?" Na miƙa hannu na kashe akwatin. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Ni cewa na yi in kashe masa, ya huta." Daga ranar ta daina shiga zauren, ko ta zo gaida Inna, mahaifiyarta, sai ta wuce da sauri kanta a sunkuye.

Na yi ta nema. Haƙuri dai ina da shi, amma sau ɗaya na taɓa jin muryar. Wani lokaci in ji kamar na kusa, sai in waiwaya in tambayi Malam, in ga buzunsa a shimfiɗe ba kowa. Abin ya kai ina jin bugun a cikin ƙarar injin niƙa, ina jin sa idan mata suna daka.

Rabi ce ta ce mu je Gafasa wurin Baba Ɗanjuma. Mijinta Sabo ya ɗauke mu a a-daidaita-sahunsa, akwatin a kan cinyata, da lasifika da batirin sola. Muka sami Baba Ɗanjuma a ƙarƙashin darbejiya, idanunsa sun tafi, sai kunne. Muka gaisa, muka yi masa bayani. Ya ce, "Habu ɗan Tanko? Yaron da yake riƙe mana goran ruwa? Shi ma ya riga ni?" Ya daɗe yana girgiza kai, sannan ya ce, "To kaɗa mu ji."

Na bar akwatin ya ɗumama, na danna.

"Wannan kwano ne, ba ganga ba," in ji shi. "Sassauta mata fata, yaro."

Na murɗa kunnen kauri.

"Ka zarce. Yanzu ta zama tulu. Ɗan ɗaure. Yawwa. Ina igiyar da take zuza a bayanta?"

Na ƙara zuzar.

"Kai, ba sauro na ce ba! Rage. Tanko ba ya barin amo ya mutu da wuri, sai garma ta sauka ta tashi."

Sabo yana dariya, matar tsohon, Iya Tabawa, tana cewa, "Malam, ka bar yaro ya sha iska." Haka muka yi ta yi, shi yana ɗaure ganga da baki, ni ina ɗaurewa da yatsu, har inuwa ta matsa ta bar mu a rana. Ina taɓa kunnen amo kaɗan, sai na ji abin ya shiga ƙirjina kamar wancan karon.

Tsohon ya laluba ƙasa ya miƙe, mutumin da aka ce sai an kama shi yake tashi. Ya sunkuya, hannuwansa biyu suka riƙe garmar da babu ita, kafaɗunsa suka fara tafiya da bugun. Sai ya soma kiran mutane, yana waiwaye dama da hagu: "Audu, ja kunyarka! Mati, an bar ka! Gambo, ina ƙarfin naka? Habu, kawo ruwa!" Iya Tabawa ta toshe baki. Daga baya ta faɗa mana duk waɗanda ya kira ba mai rai.

Abin bai daɗe ba. Rana ta dafa akwatin, muryar ta fara zamewa da kanta, ba wanda ya taɓa komai. Baba Ɗanjuma ya tsaya a sunkuye yana saurare, sannan ya ce, "Ya wuce gaba." Ya nemi hannun Rabi ya riƙe ya ce, "Jikar Tanko, kin kawo mini shi har gida." A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa.

Kafin mu taso, na sa wa kowane kunne alama da farin fenti. A Gaya nakan kunna, muryar ta kusa, amma ba ta sake zama daidai ba. Na daina matsa mata.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Habu, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifinsa a cikin rahamarKa. Ka ba Inna ƙarfin zuciya a cikin takabarta, Ka sanyaya ran Rabi da ƙannenta, Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Abin da ya faru a Gafasa ba ni kaɗai na gani ba. Rabi tana wurin, da mijinta Sabo, da Iya Tabawa, da wani mai kiwon awaki da ya tsaya a bakin danga bai tafi ba har muka tattara wayoyin lasifika. Duk wanda ya haɗu da su ya tambaye su, sannan ya yi wa Malam addu'a.